Saniyar Manaja

A kamfanin hayar motocin da Auta take aiki akwai wata farar mota ƙarama, wadda aka rubuta lamba bakwai a jikin makullinta. Ita aka fi ba masu zuwa hutu da iyali, don ba ta shan mai, kuma bayanta na ɗaukar akwati uku. A ƙarƙashin bambarta ta gaba, ta gefen hagu, akwai wani ƙwarzane mai tsawon tafin hannu. Wanda yake tsaye ba ya ganinsa. Sai an durƙusa, an kai kunci kusa da ƙasa, an haska tocila. Ma'aikata suna kiransa saniyar Manaja, domin shekara ɗaya da rabi ke nan ana tatsarsa, ba a taɓa kai shi wurin mai fenti ba.

Durƙuson nan shi ne aikin Auta. Idan an dawo da mota, ita ce za ta zagaya ta da allon takarda a hannu, ta duba mai, ta duba tayoyi, sannan ta durƙusa ta gano abin da tun da safe ta san yana nan. Sau tara ta yi wa lamba bakwai haka. Sau tara ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai 'yar matsala." Daga nan Manaja zai karɓi zancen, ya buɗe takardar yarjejeniya, ya ɗora yatsa a kan sakin layi na goma sha huɗu: duk lahanin da ba a rubuta ba ranar ɗauka, na mai haya ne. Sai kuɗin ajiya ya tafi gaba ɗaya.

Shekara uku Auta ta yi tana yawo da takardun makarantarta a cikin ambulan kafin ta sami wannan kujera. Ta san darajarta. Amma abin da ya fi ƙona mata rai ba Manaja ba ne. Shi an san inda ya dosa. Mutanen ne. Manya da su, masu tabarau da biro a aljihu, a miƙa musu shafi huɗu su sa hannu suna hira a waya. In an cuce su, su girgiza kai su ce babu komai. Wasu har godiya suke yi a bakin ƙofa.

Ranar wata Litinin da hantsi tana goge kanta, sai ta ji wata murya da ta sa ta miƙe tsaye kafin ta san ta miƙe. Malam ne, hedimastansu na firamare, da farar riga mai guga da matarsa a baya riƙe da jaka. Ya yi furfura, amma tafiyar tana nan.

"Wa nake gani kamar Autar mai ɗinki?" in ji shi. "Ke ce kika zama haka? Ina mahaifiyarki?"

"Tana lafiya, Malam. Sannunku da zuwa. Inna, sannu da hanya."

"Ya ajiye aiki," in ji matar, tana zama a kan kujera. "Shekara talatin da biyar yana yi mini alkawarin zai kai ni in ga teku. Na ce to, ko yanzu ko in bi 'yan kasuwa in je da kaina."

Manaja ya ji Malam ya ce hayar sati guda suke so, ya fito daga ofishinsa da hannu biyu a buɗe. Baba ya sha hanya, a kawo wa Baba ruwa, a kunna wa Mama fanka. Kafin ruwan ya iso takarda ta riga shi. Haka tsarin gidan yake: a sa hannu a ciki, a kulle takarda a durowa, sannan a fita a ga mota. Auta na kallo Manaja ya ɗauko makulli mai lamba bakwai.

Ta leƙa takardar ta kafaɗar Malam. An cika kowane gurbi. Kuɗin wanki na musamman, kuɗin taswira, har da kuɗin direba na biyu.

"Malam, Inna tana tuƙi ne?"

Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ni? Ko keke ban taɓa hawa ba. Shi ma tuƙin nasa addu'a nake bin sa da ita."

"Tanadi ne kawai," in ji Manaja, yana murmushi da baki, idonsa na kan Auta. "Hanya ce, ba a san abin da zai faru ba."

"Bar shi, bar shi," in ji Malam. "Sun fi mu sanin aikinsu." Ya zana sa hannunsa mai wutsiya, irin wanda Auta ta sani a ƙasan sakamakon jarrabawa. Wannan mutumin ne fa yake jera su a rana idan sun fara amsa tambaya ba su karanta umarnin da ke saman takarda ba.

A filin ajiye motoci ta rage murya.

"Malam, don Allah ka durƙusa ka duba ƙarƙashin bambar nan. Ka ɗauki hoto da wayarka."

Ya dubi farar rigarsa, ya dubi simintin da ya sha baƙin mai. "In durƙusa? Mutum ya karrama ka, ya ba ka aron abinsa, ka tsaya kana leƙa masa ƙarƙashi?"

"Ba aro ba ne, Malam. Haya ce. Kuɗinka ka biya."

"Ke kina nan, me zai same ni? Ɗiyata ce a gidan."

"Shi ya sa nake ce maka ka duba."

Ya ciro wayar kuwa. Ya ce wa matarsa ta tsaya a jikin ƙofa ta ɗora hannu a kan madubi, ya ɗauke ta hoto har uku, ya ce ta daina rufe ido. Auta ta buɗe baki za ta faɗa masa a fili, sai ta hangi Manaja a bakin taga. Ta miƙa makulli, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Satin nan bai yi mata daɗi ba. Dogo mai wankin motoci, wanda ya girme ta da shekara ashirin kuma yake da 'ya'ya biyar, ya lura tana juya cokali a kwano ba ta ci.

"Malaminki ne ko ubanki?" ya tambaye ta.

"Shi ya koya mini karatu."

"To, karatun ya kawo ki nan, ki riƙe shi da kyau. Saniyar nan ta ci likita, ta ci lauya. Lauya fa, Auta, da jakarsa. Ya biya yana cewa yana sauri. Ke wace ce?"

"Kai ba ya damun ka?"

"Ni ruwa nake zubawa, ba na rubutu."

Litinin ta zagayo. Da azahar lamba bakwai ta shigo a hankali, tankinta cike, cikinta a share. Inna ta fito ta yi baƙi da rana, tana ba da labari tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Ruwan ba shi da ƙarshe. Malam ya ƙi shiga, ya tsaya a gefe riƙe da takalma kamar mai gadi. Igiyar ruwa ta biyo shi, ya ruga, hularsa ta faɗi.

"Ba gudu na yi ba," in ji Malam. "Matsawa na yi."

Auta ta zagaya motar sau ɗaya. Ta duba mai, ta duba tayoyi. Ba ta durƙusa ba. Ta rubuta a takarda da manyan baƙaƙe cewa babu lahani, ta sa hannu, ta shiga ciki ta ajiye a kan kanta.

Manaja ya karanta, ya ɗago. "Kin duba ƙasa?"

"Na duba abin da ya kamata."

Ya ajiye takardar. Ya zare tocilar daga aljihun rigarta, ya fita, ya shimfiɗa hankici a ƙasa, ya ɗora gwiwa ɗaya. Ya daɗe a wurin kamar mai neman allura. Da ya miƙe fuskarsa cike take da juyayi.

"Baba, wallahi ban so ba. Ko ka hau wani dutse a hanya?"

Malam ya yi tunani. "Akwai wani rami da muka faɗa ranar Alhamis."

"Ba mu faɗa rami ba," in ji Inna. "Tafiyar da kake yi, ko kaza sai ta wuce mu."

Suka dawo ciki. Durowa ta buɗe, yatsa ya sauka a kan sakin layi na goma sha huɗu. Auta ta matso kusa. Ta ciro wayarta ta ajiye a kan takardar, daidai kan yatsan.

"Malam, duba nan. Wannan hoton na watan jiya ne. Wannan na kafin shi. Ƙwarzane ɗaya ne, ga lanƙwasarsa. Mutum tara aka cire wa kuɗin ajiya a kansa, ga takardunsu duk na ɗauka. Ni ce nake durƙusawa in nuna. Kai ne na goma. Kada ka biya. Akwai ofishin da ake kai ƙarar irin wannan, ni zan raka ka, ni zan yi shaida. Sa hannunka kawai ake bukata."

Dogo ya tsaya a bakin ƙofa da bokiti.

Malam ya sa tabarau. Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, kamar yana duba aikin gida. Ya gane. Auta ta ga ya gane. Sai ya cire tabarau ya tura mata wayar da bayan hannu.

"Ke, haka ake yi? A gaban baƙi kike tona wa maigidanki asiri?"

"Malam, kuɗinka ne za a ci."

"Na ji. Amma inda kike cin abinci ne nan. Ba haka muka koya muku ba."

"Yarinyar nan gaskiya ta faɗa," in ji Inna.

"Na ce ƙarya ta yi? Motar da za ta mai da mu gida ƙarfe uku za ta tashi. Ni da shekaruna in shiga hawa da sauka a ofisoshi, ana nuna ni ana cewa ga tsohon da ya je hutu ya dawo da shari'a?" Ya juya wajen Manaja, ya sassauta murya. "Ɗana, a duba mana dai. Ɗan fansho ne."

Manaja ya dafa ƙirji. Don darajar furfura, in ji shi, zai yafe kashi ɗaya cikin huɗu, ko da daga aljihunsa ne. Malam ya ce Allah ya yi albarka. Ya sake zana sa hannun nan mai wutsiya. Da ya kai ƙofa ya waiwayo.

"Ita kuma a yi mata haƙuri. Ƙuruciya ce. Tun tana aji uku bakinta ya fi ta girma."

"Ai ta zama ƙanwata, Baba. Kada ka damu."

Inna ta tsaya a gaban Auta kamar za ta yi magana. Malam ya kira ta daga waje, ta kama hannun yarinyar ta matse, ta bi shi.

Ko ƙarar tasin da ta ɗauke su ba ta gama ɓacewa ba Manaja ya ce ta ajiye katin aiki da makullin durowa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce rigar kamfani ta wanke ta aiko da ita. Hotuna kuma ta riƙe abinta, ta sa a bango in tana so.

"Kin ga mai ƙara a nan?" ya tambaye ta. "Ni ban gani ba."

Dogo ya matsa mata ta wuce, idonsa a cikin bokiti.

A tashar bas ta zauna a kan benci, rana na dukan ƙeyarta. Bas biyu suka wuce ba ta shiga ba. Ta buɗe hotunan takardun nan tara, kowace da lambar wayar mai ita a sama. Mutum ɗaya take nema. Ɗaya tak da zai ce a je.

Huɗu ba su ɗauka ba. Ɗaya ya ce ba ya magana da 'yan damfara, ya kashe. Wata mata ta saurare ta har ƙarshe, ta ce, "Allah sarki, 'yar nan, ai abin ya wuce, mun bar su da Allah." Likitan ya ce ta kira bayan sati biyu. Lauyan ya ce maganar tana da ƙarfi sosai, sosai, amma shi ba ya son sunansa ya fito.

Na tara ya ɗauka a bugu na farko. Ya tuna motar, ya tuna ranar, har ya tuna da ita, mai tocila. Ya yi ta salati yana cewa ashe haka aka yi masa. Auta ta gyara zama, ta ciro biro.

"To yanzu, 'yar'uwa," in ji shi, "tunda kina ciki, wata mai zuwa zan kawo iyali. Ba za ki yi mini magana da Manajan naku ya ɗan rage mini ba?"