Duna, Ka Tambaye Ta

Furfura ta fito wa Duna a gefen baki, kamar ya tsoma shi cikin garin dawa. Tahira ta lura da ita ne ranar da suka fara fita tattaki, ita da mahaifinta Malam Badaru da tsohon karen nasa, Duna.

Likita ne ya ce lallai Malam ya riƙa tafiyar ƙafa kullum da safe saboda hawan jini. Matarsa Inna Barira kuwa ta ce ba zai fita shi kaɗai ba, kada jiri ya kayar da shi cikin gero babu mai gani. Tahira ta gama jami'a tana zaman jiran aiki, sai aka ɗora mata rakiyar. Ta yi murna a ɓoye. Ita ce 'yar fari, kuma saboda kunyar ɗan fari Malam bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya zauna hira da ita. Ta ɗauka a hanyar gona, inda babu idon kowa, abin zai sauya.

Bai sauya ba. Malam a gaba, Duna a damansa, ita a baya da gorar ruwa.

"Duna, ka ga dawar Nababa? Rowar taki ya yi mata."

"Duna, a hankali, ba kasuwar Rimin Gado za mu ba."

A da, Duna ne ke tayar da zomo ya kamo shi kafin ya kai shinge. Yanzu ɗan tudun bayan rijiya ma sai ya hau shi yana haki, ƙafar baya tana jan ƙasa. Malam yakan tsaya ya jira shi, hannu a baya, ba ya ko tsaki. Duk tsayuwar nan tana sukar Tahira a ƙirji. Tana ƙarama ta sha bin sa gona da ƙwaryar fura a ka, yana zabga sauri tana gudu-gudu, ko waiwaye babu.

A gindin ɗorawa suke hutawa. "A ba shi ruwa," in ji Malam, yana kallon sama. Ita ke durƙusawa ta zuba a sakaina.

"Duna, ka tambaye ta, a jami'ar tasu an koya musu bambanta gero da maiwa?"

"Na iya tun a gida, Baba."

"Ka ji fa," in ji Malam yana dariya. Amma kan Duna ya shafa.

Da damina ta yi nisa jikin Malam ya ƙara ƙwari, na Duna kuwa sai baya. Wata safiya ya kwanta a tsakiyar hanya har rana ta ɗago, Malam na tsugune yana lallashinsa. A hanyar komawa Tahira ta tattaro ƙarfin hali.

"Baba, likita cewa ya yi tafiya mai sa gumi. Duna yana mayar da kai baya."

Gaskiya ta faɗa, amma ta san ba don likita ta faɗe ta ba. Malam ya ce, "Haka ne."

Washegari ya ɗaure karen a jikin rumbu. Suka fita su biyu. Ta matso damansa, wurin da ta daɗe tana hange, sai ya ƙara sauri, ta koma baya. Raɓa ta jiƙa mata gefen hijabi. Suka wuce rijiya, suka haye tudun.

Nababa ya ɗago daga noma. "Malam, ina ka baro amininka? Ko 'yar jami'a ta yi masa juyin mulki?"

Malam ya ɗaga masa hannu kawai.

A gindin ɗorawa ya tsaya, gumi na zuba a wuyansa, irin wanda likita ke so. Ya dubi ƙasa ta dama.

"Duna, ka tambaye ta ko..."

Sai ya tuna Duna ba ya nan. Tahira ta zuba masa ido. Ga ta nan tsaye. Juyo da kai kawai zai yi ya ƙarasa. Malam ya zauna a kan saiwa, ya ɗauki sakainar yana juya ta a hannu.

Ko me? Ko ta gaji? Ko ta ji labarin aikin? Takaicin karen ya taso mata fiye da na kullum. Yana ɗaure a gida, amma ya riƙe sauran maganar a wurinsa, kuma ba za ta ji ta ba sai yana kwance a tsakaninsu.

Daga can ƙauye iska ta kawo kukan Duna, siriri, a shaƙe. Malam ya juya kunne wajen.

Tahira ta ajiye gorar kusa da ƙafarsa, ta gyara hijabinta, ta kama hanyar gida don ta kwanto Duna.