Ɗanyen Pekan

Guguwar bara ce ta kayar da itacen pekan na ƙofar gidan Alcide, wanda matarsa Ozelie ta tsufa tana ɓare 'ya'yansa a inuwarsa. Tun da ciwo ya kwantar da ita, abu ɗaya ta roƙa: kujera mai lilo daga jikin itacen nan, ta zauna a baranda tana kallon kogi.

Abokinsa Cleophas, mai injin tsaga katako, shi ya yanka masa gungumen.

"Wannan abin naka ya cinye mini haƙoran zarto, mutumina," in ji Cleophas. "Ka jera shi a inuwa, ka shafe bakunan da fenti, ka manta da shi sai baɗi."

"Likita bai ba mu baɗi ba."

Cleophas ya sosa ƙeya. "To in ba ka busasshen katakon wani itacen mana. Wa zai sani?"

"Ita. Ta fi ni sanin itacen nan."

Alcide ya sani sarai pekan ba ya son gaggawa. Duk da haka ya shanya katakon a kan rufin kwano cikin zafin Agusta. Bayan katakon ya bushe, cikinsa na nan da ruwa. Haka ya hau aiki, ƙusa na lanƙwashewa, hannu na yin kanta. Ozelie na jin bugun guduma daga gado.

"Tsoho, kujerar nan a nan zan hau ta, ko aiko mini za ka yi can lahira?"

"Ke dai bakin nan naki bai yi ciwo ba."

Kujera ta yi kyau, ja-ja da ratsin fari. Amma a satin da ya gama ta jikin Ozelie ya rikice. Kafin ta farfaɗo, mazaunin ya tsage gida biyu, ƙafafun sun tsuke suna rawa a ramukansu, katakon lilo na ƙasan ƙafafun hagu ya murɗe. Ya hau rufi neman sauran katakon, ya tarar duk sun dare.

Ran da ta samu sauƙi ya ɗauko ta zuwa baranda. Ta daɗe tana shafa hannun kujerar.

"Itacen nan ne kuwa," ta ce. "Zaunar da ni."

Ya ɗan danna mazaunin da tafinsa, tsagar ta ƙara buɗewa. Bai zaunar da ita ba. Ya tsaya riƙe da ita ta kalli kogin, har ta ce ta gaji, sannan ya mayar da ita ɗaki. Ko nauyin katako ɗaya ba ta kai ba.