Sitaci a Hular Nafi'u

Lauwali mai wankin hula a Sabon Garin Jega ya san kan kowa. Ya san Nafi'u, dillalin albasa daga Aliero, ba ya son hula laɓo-laɓo. Sai an dama sitacin rogo da kauri ya yi danƙo, an shafe ta, ta bushe ta tsaya ƙyam.

Ranar kasuwa Nafi'u ya tuɓe hularsa, duk zufa ta cinye bakinta, ya miƙa wa Lauwali, ya ce zai karɓa in ya dawo. Bai dawo ba. Motar albasarsu ta kife a hanyar Maiyama.

Lauwali ya rasa abin da zai yi wa mamaci. Sai ya ɗauko hular ya wanke ta tas, ya shafa mata sitaci yadda mai ita ke so. Bai taɓa zuba wa wata hula aiki haka ba.

Da aka share makoki ya kai ta Aliero da kansa, ya durƙusa gaban Halimatu, mahaifiyar Nafi'u.

"Inna, ga hularsa. Na gyara ta."

Tsohuwar ta karɓa, ta juya cikinta, ta kai hanci. Ta daɗe tana shaƙa.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana," in ji ta a hankali. "Amma da ka bar mini ita da dauɗarta. Ba abin da nake ji sai sitaci."