Fitilar da Ta Sunkuya

Hasken ne ya fara gaya mini akwai matsala. Na saita shi daidai kan alamar da na manna a tsakiyar dandali, inda wata 'yar aji ɗaya za ta tsaya cikin kayan bishiyar dabino. Na je shan ruwa na dawo, sai na tarar ya zame gefe kamar taƙi guda. Na ɗaga kai. Fitilar tana can sama a jikin sandar ƙarfe, ta fi buhun shinkafa ƙarami nauyi, kuma ta ɗan sunkuya.

Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta koyon aikin haske da sauti na dandali. Aikin koyon hannu kuwa a wurin Kawu Ja'afaru nake yi, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya koya mini naɗe waya kafin in iya ɗaura ɗankwali. Ranar nan shi da ma'aikatansa suka rataya fitilu a wani zaure a unguwar Sultana, domin wasan kwaikwayon wata makarantar 'yan mata. Tsarin garin nan sananne ne: maza su gama aikinsu su fita, a rufe ƙofa, mata su shigo su tuɓe abaya. Daga nan ko limami ne sai dai ya tsaya a waje. Ni kaɗai aka bari da na'urar sarrafa fitilu, kuma iyaye mata sun riga sun cika kujeru, zauren sai ƙamshin turare.

Na kira Kawu. Yana unguwar Ƙuba, wurin wani biki.

"Kawu, fitilar tsakiya tana sauka da kanta."

"Zafi ne, ya binti. Ƙarfe yana motsi in ya ji zafi. Kashe ta ki yi aiki da sauran, halas, magana ta ƙare."

"Ko na kashe ta tana nan saman yara. Kuma ba igiyar kariya a jikinta."

"Igiyar kariya! Karatun jam'iyyarku ke nan? Tun kafin a haife ki nake rataya fitilu, ba wadda ta taɓa faɗowa. Yalla, ki fara." Ya kashe wayar.

Jam'iyyar da yake nufi ƙungiyar masu aikin dandali ce, wadda na shiga bara a matsayin ɗaliba. Ranar da na gaya masa, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce ƙungiya shan shayi ce da ɗaukar hoto, shi dai ba ta taɓa riƙe masa tsani ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na sha zama a taronsu ina hamma. Amma a can na koyi cewa kowace fitila tana buƙatar igiyar ƙarfe ta biyu, wadda za ta tare ta in ƙugiya ta saki. A can kuma na ji dokarsu: duk mambar da ta ga kayan da suka lalace a zaure, dole ta sanar da ƙungiya, ƙungiya ta sanar da masu zauruka. Kawu kuwa daga zaurukan Sultana yake cin abinci.

Na sake duban ƙasa. Hasken ya ƙara zamewa.

Abla Innayatu, shugabar makarantar (Abla muke ce wa babbar mace a nan), ta iso kaina tana buga agogon hannunta da yatsa. Mace ce da ba ta son jira, ko a layin alwala.

"Sundus, me muke jira? Yara sun shirya, uwaye sun gaji."

"Abla, ba zan fara ba. Kar a bar yarinya ko ɗaya ta hau dandali."

Ta dube ni kamar na zagi mahaifinta. "Ke ɗaliba ce ko mai zauren? Kawunki ya ce komai tamam."

"Dubi can sama, Abla."

Ta duba, ba ta ga komai ba, domin ido wanda bai saba ba baya ganin irin wannan. Ta ce za ta kira Kawu da kanta. Na ce ta kira. Akwai dogon tsani a bayan labule, amma ba a hawansa ba mai riƙewa, ba kuma a sauke fitila da hannu biyu kawai. Namiji ba zai shigo ba. Mace mai sanin aikin kuwa wuri ɗaya na san zan same ta.

Na daɗe ina kallon wayata. Na san abin da saƙo zuwa ƙungiya zai jawo wa mutumin da ya ciyar da ni. Sai ga 'yar dabinon ta leƙo daga labule, ganyen takarda a kanta, tana neman uwarta a cikin kujeru. Na rubuta wa matan ƙungiya.

Abla Hibatullah ce ta amsa, wata tsohuwar ma'aikaciyar haske da ke zaune a unguwar Harra ta Yamma. Kafin uwaye su gama shan gahawar da aka rarraba musu don a rufe musu baki, ta shigo da jakar kayan aiki da wata ɗaliba a bayanta. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Ke kika gani, ke za ki hau," in ji ta. "Ina riƙe da ke."

Na hau. Zafin saman kamar bakin tanda. Na zarga igiyar kariyar da ta kawo a sandar, na ɗaure fitilar, sannan na taɓa ƙugiyar da sifana. Ban ma juya ba, sai ƙugiyar ta rabu gida biyu. Fitilar ta faɗo, igiyar ta tare ta da wata ƙara da ta sa zauren duka ya yi tsit. Tana lilo daidai saman alamar nan tawa. Abla Innayatu ta dafe ƙirji tana salati.

Muka sauke fitilar, aka yi wasan. Ban tuna komai a cikinsa ba.

Da aka buɗe ƙofa bayan magariba, Kawu yana tsaye jikin motarsa. Na miƙa masa ɓangarorin ƙugiyar. Ya jujjuya su a tafin hannu, ya shafa wurin da tsatsa ta ci.

"Wa ya riƙe miki tsani?"

"Abla Hibatullah, ta ƙungiya."

"Za su gaya wa masu zauruka?"

"Na'am, Kawu."

Na so ya yi faɗa, ya zage ni ma, da na fi samun sauƙi. Ya sa ƙarfen a aljihun rigarsa, ya buɗe mota ya shiga.

"Alhamdulillahi da ba ta sami kowa ba," ya ce, bai dube ni ba. "Ki ce su kai ki gida. Su ma suna da mota."

Ya ja ya tafi. Ina tsaye da baƙin mai a hannuna, sai 'yar dabinon ta wuce ni riƙe da hannun uwarta, tana kukan ganyenta ɗaya ya yage.