Albasar Kwaɗin Kawu Halilu

"Bashir, aje hauyar nan tun ban tashi ba!"

Kawu Halilu ne, maƙwabcina, daga kan gadon da ya daɗe bai sauka ba. Na shigo ne in tumɓuke albasar kwaɗin da ke gindin katangarsa. An ce dafi gare ta, ga ɗiyata Hidaya ta fara rarrafe har gidansu, komai ta samu sai baki.

"Kawu, in yarinyar ga ta ci fa?"

"Ɗaure ɗiyarka. Ni ban ɗaure awakina ba?"

Tun yana kiwo ya haƙo wata mai farin fure a dajin Sukukutane, wata mai jan zane a fadamar Tibiri. Ya lakaci garin furen mai jan zanen da gashin kaza ya shafa wa mai farin, ya shuka 'ya'yan. Shekara da shekaru ganye kawai suke yi. Sai bana, bayan ruwan farko, ɗaya ta turo kan fure.

"Aure na ɗaura masu," in ji shi. "So nike in ga wa ɗiyar ta ɗauko. Likita ya ce in shirya, na ce mishi baƙuwa nike jira."

Na aje hauyar, na kewaye wurin da ƙaya. Fargabata ta koma biyu: kada Hidaya ta kai hannu, kada Kawu ya rasu furen bai buɗe ba.

Ranar Laraba da la'asar matarsa Inna Habiba ta ƙwala mini kira ta kan katanga, wai furen ya buɗe. Muka ciccibo shi da gadon zuwa tsakar gida.

"Fara tas," ta ce. "Uwatta ta biyo."

"Ke tsohuwa, idonki ya mutu! Bashir, leƙa ciki."

Na durƙusa. Fara ce, amma kowane kunnen furen da siririn jan zane.

"Akwai ja, Kawu."

"Kin ji ko? Uban bai yi wahalar banza ba!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya ce a dama masa fura, ya sha da kansa.

Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga ɗauko wa baƙi tabarmi. Mata sun cika rumfa. A gindin katanga wata zuma ta fito daga cikin furen, jikinta duk garin rawaya, ta tsallake katangar ta nufi gonaki.