Shayin Rage Jiki

Ranar da zanen Nasiba ya zagayo ƙugunta har ya bar bakin sokewa, uwarta Yalwa ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, kaji suka watse.

Nasiba shekararta goma sha biyar, ga fara'a, ga kai a lakwal, wato makarantar boko, amma ƙiba ta yi mata katutu tun tana rarrafe. In za ta lambun albasar ubanta a kwarin Tama, sai ta zauna a hanya ta mai da numfashi. 'Yan kabu-kabu kuwa da sun hango ta sai tayarsu ta rasa iska. Majo, babban ma'aikacin likitar garin, ya ce a rage mata zaƙi da maiƙo, ta riƙa tattaki, abin a sannu ake binsa. Yalwa kuwa ba ta ga maciji da "a sannu".

A kasuwar Madawa ta samo ƙullin shayin rage jiki, wurin wani mai magani da lasifika. Sharaɗinsa ɗaya: ba tuwo, ba fura, shayi kawai da lemun tsami har ƙullin ya ƙare.

* * *

Gida ya yi daɗi. Tela ya rage riguna, maƙwabta na leƙowa suna tafa hannu. Yalwa tana daka tana waƙa, don ta gaji da ganin 'yarta ta dawo daga lakwal tana haɗiye kuka. Yanzu Nasiba har madubi take arowa. Gaskiya ne tana zaryar bayan gida, leɓenta ya tsage, in ta miƙe sai ta dafa bango.

"Inna, juwa nika ji."

"Kitsen na ka hita, ɗiyata. Mai magani ya hwaɗi. Ƙara kurɓa."

Ta kurɓa tana murmushi. Ranar ban ruwa ta kife a tsakiyar fangalin albasa, aka ɗauko ta a amalanken jaki.

* * *

Majo ya ɗaura mata ƙarin ruwa, ya juyo fuska a murtuke.

"Ruwan jikinta duk ya ƙare, ƙodarta ta kusa tsayawa. Mi kunka ba ta?"

Yalwa ta sunkuyar da kai. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Da la'asar Hafsa maƙwabciya ta zo dubiya, riƙe da hannun 'yarta Fiddausiya, ita ma mai jiki. Ta yi sannu, ta ajiye kwanon kunu, ta tsaya tana duban Nasiba daga sama har ƙasa.

"Masha Allah, ji wuya ya hito! Yalwa, don Allah in da saura, ki sam mana."

Yalwa ta buɗe baki za ta hana, sai idonta ya kai kan gadon. Nasiba ta ɗaga hannun da allurar ke ciki tana shafa wuyanta, fuskarta cike da murna.