Nas ɗin Mai Keke

"Ban ji komai ba," in ji Auta.

"To sake."

Ta sake matsa 'yar robar, ƙyallen awon ya kumbura a damtsen tsohuwar, sannan ta saki iskar a hankali tana kasa kunne. Babu abin da ya shigo mata sai bugun tata zuciyar da ƙarar injin niƙa daga bayan layi.

"Inna, wallahi ban ji komai ba."

"Ashe na mutu ba a gaya mini ba," in ji Mai Keke. "Leƙa ki kira Gwaggonki ta zo ta yi kukanta tun da sauran rana."

Auta ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ta cire abin sauraren daga kunnenta ta jujjuya shi, a nan ta gane a juye ta saka shi. Ta gyara, ta goge ido da gefen mayafi, ta sake. A wannan karon ta ji shi can ƙasa, dum, dum, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa.

"Na ji!"

"Madalla. An fasa kukan ke nan."

Karatun aikin jinya ne ya kawo Auta garin, ta sauka a gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinta. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Mai Keke, tsohuwar tela da ta ɗinka wa rabin matan layin sutura kafin idonta ya yi rauni. Keken ya daɗe a lulluɓe a kusurwar ɗaki, amma sunan bai bar ta ba. Mijinta ya rasu tuntuni, 'yarta guda ɗaya kuma tana koyarwa a wani gari mai nisa. Ita kaɗai ce a gidan, sai hawan jininta da bakinta wanda ba ya hutawa.

A garinsu, Auta ba ta san komai ba sai zuwa ta ɗaya. Tun tana firamare Baba yake kiranta Likita, har masu shago suka ɗauka. Da ta shigo makarantar jinya sai ta tarar kowace yarinya a ajin ita ce ta ɗaya a inda ta fito. Suna zuba Turanci kamar ruwan famfo, ita kuwa sai ta yi ta jera tambaya a bakinta har malama ta tattara littattafai ta fita. Ranar farko da aka kai su ɗakin marasa lafiya, Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta warware bandeji daga ƙafar wani mutum, wari ya taso, Auta ba ta san inda take ba sai da ta farka a ƙasa ana yi mata fifita da kwali. Daga ranar ta zama Mai Suma. Da aka zo gwajin awon jini, ta yi ta kuskure har malama ta karɓi na'urar, ta ce mata cikin sanyin murya, "Ki zauna ki yi tunani, ko wannan aikin naki ne."

Ta yi tunanin. Har ta sauko da akwatinta daga kan wadrob.

"Inna, gida zan koma," ta ce a wannan yammacin, tana naɗe na'urar da ta aro wajen wata 'yar ajinsu da ake kira Doguwa.

"Hutu aka ba ku?"

"Bari zan yi. Ba na ganewa. Kowa ya fi ni."

Mai Keke ta dube ta da idanunta masu yana. "To ki dakata in mutu tukuna. In kin tafi wa zai riƙa auna ni?"

"Ni da ko awon ban iya ba?"

"Ni ma ciwon nan ba iya shi na yi ba, ƙawata, koyo nake. Ki zo gobe mu ci gaba."

Ta zo gobe, ta zo jibi. Kullum in ta sauka daga motar makaranta, kafin ta cire yunifom, sai ta ji murya ta tsallako katanga: "Ina Nas ɗina? Majinyaciya na jira, ko sai na kai ƙara?" Mai Keke ta miƙa mata damtse, ta miƙa wuyan hannu, ta buɗe baki a leƙa, ta yi tari in an ce ta yi. In maƙwabta suka shigo gaisuwa sai ta ce su yi magana a hankali, ana duba ta. Akwatin dai yana nan a ƙasa, Auta ba ta mayar ba, ba ta kuma zuba kaya a ciki ba.

Wata ranar Laraba da la'asar ta shigo ta tarar da kofin shayi a kife a kan tabarma, Mai Keke na zaune ta jingina da gado.

"Ya suɓuce mini ne," in ji tsohuwar. Maganar ta fito da nauyi.

Auta ta auna. Allurar na'urar ta tsaya a inda ba ta taɓa ganin ta tsaya ba. Abin da ya fara zuwa mata shi ne ita ce ta yi kuskure, kamar kullum. Ta sake a ɗaya hannun. Haka dai. Ta ɗago ta dubi fuskar, sai ta ga gefen bakin na hagu ya ɗan zame ƙasa.

"Inna, ɗaga mini hannuwanki duka biyu."

Na dama ya tashi. Na hagu ya motsa, ya koma cinya.

Da gudu ta faɗa gidansu. Gwaggo na wanke-wanke, ta ce, "Ke, kin tabbata? Kada mu tayar wa mutane da hankali a banza. A bari zuwa safe mana, ƙila gajiya ce."

Auta ta ji bakinta ya ce, "Gwaggo, na tabbata. Yanzu za a kai ta."

Gwaggo ta dube ta, ta tsame hannu daga ruwan kumfa, ta fita ba ko takalmi ta buga ƙofar direban tasi da ke ƙarshen layi.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da an kwana da ita a gida da wuya ta ga safiya. Ya tambayi wa ya lura. Gwaggo ta nuna Auta da haɓa, Auta kuwa ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi. An riƙe Mai Keke kwanaki, sannan aka sallame ta da ɓarin hagu a mace, da magunguna, da bayanin da likita ya yi wa 'yarta a keɓe: zuciyar ma ta gaji, a kula da ita, a faranta mata.

'Yar, wadda Auta ke kira Anti, ta zo da tsohon ciki, ko sunkuyawa da ƙyar take yi. Don haka juyawa da ɗagawa suka faɗo kan Auta. Da sassafe kafin motar makaranta, da yamma bayan ta dawo, ita ce mai juya tsohuwar daga wannan gefe zuwa wancan, ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, ta shafa mai a duga-dugai da gadon baya don kada kwanciya ta yi mata gyambo. Ta nuna wa Anti da Gwaggo yadda za su kama zanin gado su juya ta da rana ba tare da sun ja hannun da ya shanye ba. Duk abubuwan da aka koya musu a kan mutum-mutumin roba ne, waɗanda a aji take mantawa in an zuba mata ido. A nan babu mai ba ta maki.

Ranar da ta fara tarar da shimfiɗar ta ɓaci, tana ɗaga bargo ɗakin ya fara juya mata. Ta fita tsakar gida ta dafa katanga, ta amayar da abin da ke cikinta. Ta kurkure baki, ta tsaya har ƙasa ta daina motsi, sannan ta ɗebo ruwan ɗumi ta koma. Mai Keke ta juya fuska ga bango, hawaye na bin gefen hancinta. Auta ta rufe ta da zani, ba ta buɗe ko'ina ba sai wurin da take gogewa, tana ba ta labarin yadda Doguwa ta yi barci a aji har ta yi minshari. Sai da ta gama, ta canza shimfiɗa, tsohuwar ta yi magana da rabin bakinta.

"Kin suma?"

"Saura kaɗan, Inna."

"Da kin faɗo kaina... da mun zama biyu."

Suka yi dariya har Anti ta leƙo ta ga lafiya.

A makaranta ba wani abin mamaki ya faru ba. Ta faɗi jarrabawar sassan jiki, aka ce sai ta sake. Har yanzu wasu na ce mata Mai Suma. Amma wata rana a ɗakin marasa lafiya ta ga an bar wata dattijuwa a gefe ɗaya tun safe, ta je ta ce wa Sista a ba ta izini ta juya ta, da Turancinta mai tuntuɓe, kuma kunya ba ta kashe ta ba. Da Baba ya bugo waya ya ce, "Likita, ya karatu?" sai ta ce, "Baba, nas dai. Da wuya, amma muna yi." Ya ce, "To Nas, Allah ya dafa."

Mai Keke ta yi makonni a haka. Ta ga 'yarta ta ƙoshi da ganinta. Ta sa aka kira matan layin ɗaya bayan ɗaya, ta tsokani kowace, ta nemi gafarar kowace. Ta ce kada a sake mayar da ita asibiti, ta gaji da silin ɗinsu. Sannu a hankali ta rage ci, sai madara a cokali, daga baya sai dai a jiƙa mata leɓe da auduga.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta shigo ta ji numfashin ya canza. Yana zuwa da yawa, ya tsaya, ya dawo. Ta taɓa ƙafafun, sun yi sanyi. Anti na zaune a bakin gado ta riƙe ƙugu.

"A kira mai tasi?" ta tambaya, idonta a kan Auta.

"Anti, ki matso kusa da ita. Ki riƙe mata hannun dama, shi take ji. Bari in kira Gwaggo."

Anti ta gane. Ta matso.

Suka zauna su uku, Gwaggo na addu'a ƙasa-ƙasa. A waje yara na buga ƙwallo, wani mai gyaran takalmi na wucewa yana ƙwanƙwasa akwatinsa. Can Mai Keke ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon 'yarta, sannan idon ya gangaro kan Auta. Leɓenta ya motsa. Auta ta kai kunne.

"Kin... karya?"

"Na karya, Inna."

Ba ta karya ba. Tsohuwar ta lumshe ido kamar an sauke mata wani nauyi. Auta ta ɗora yatsu a wuyan hannunta, tana jin bugun yana sirancewa, yana ɓacewa yana dawowa, har ya tafi bai dawo ba. Ta jira. Ta taɓa gefen wuya, ta sake jira. Sannan ta shafa idanun ta rufe su sosai, ta gyara mata kai a kan matashi.

"Anti," ta ce, "Inna ta cika."

Sai da gidan ya cika da mutane, aka yi abin da ake yi aka tafi da ita, sannan kuka ya zo wa Auta, a bayan ƙofar kicin ɗin Gwaggo, ta yi shi har ya ishe ta.

Bayan an watse daga zaman gaisuwa, Anti ta kira ta su gyara ɗakin. Suna naɗe zannuwa Anti ta kama hannunta.

"Ba don ke ba da ban same ta da rai ba. Ban san da wane baki zan gode miki ba."

"Anti, ni ce da godiya."

"Ke kuma? Me ta yi miki ban da tsokana?"

Auta ta dubi gadon, ta ce, "Bari in fitar da katifar ta sha iska."

Ta ja ta ita kaɗai zuwa tsakar gida, ta shimfiɗa a rana. A tsakiyarta akwai ɗan kwarmi, daidai tsawon ƙaramar mace. Wata kyanwa ta sauko daga kan katanga, ta shinshina gefen, ta taka a hankali ta shiga kwarmin ta naɗe jikinta. Auta ta ɗaga hannu za ta kore ta, sai ta sauke. Ta zauna a bakin ƙofa, rana na dukan ƙafafunta, tana kallon cikin kyanwar yana hawa yana sauka.